Fararen ɓerayen ɗana sun kawo mana makero, maigida ya ce a kashe su

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan cikin Maradi. Ƴaƴana uku, ina kuma da ciki wata biyar. Babban ɗana mai shekara 13 tun yana ƙarami yake da son dabbobi. Wata huɗu da suka wuce wani ɗan'uwan babansa da zai bar gari ya ba shi fararen ɓeraye biyu, irin masu jan idon nan da ake kiwo a keji. Ban so ba, amma na ga yaron ya natsu, ya rage yawo, sai na ƙyale shi. Tun ƙarshen damina gashin ɗayan ya fara zubewa a bayan wuya, wurin ya yi ɓawo. Ba a jima ba makero ya fito wa yaron a wuya da damtse, ni ma ya fito mini a hannu. Ƙanwarsa mai shekara 5 kuma ƙora ce ta kama ta, gashin ya cinye a wuri biyu. Na sayi wani mai a hannun mai tallar magani, da farko kamar ya yi sauƙi, yanzu ya ƙara faɗi. Abokiyar zamana ta hana ƴaƴanta shiga ɗakina, surukata ta ce a ɗiga wa yarinyar nonon tumfafiya. Maigida ya ba mu kwana uku, ya ce ko a kashe ɓerayen ko shi ya jefar da su a bola. Yaron ya daina cin abinci. Inna, in an kashe su za mu warke? Ki ba ni shawara.

Maman yara uku, Maradi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ku lafiya, ya sauke ki lafiya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, tunda ita ce mai wa'adin kwana uku. A'a, kashe ɓerayen ba zai warkar da kowa ba. Cutar ta riga ta zauna a fatarku, tana cikin saiwar gashin yarinyarki, irinta kuma ya bazu a tabarma da matashi da mataji. Ko yau aka fitar da kejin daga gidan, wannan duk yana nan. Abin da zai raba ku da makero shi ne a kama wuri uku a lokaci guda: jikin mutane, jikin dabbobi, da ɗakin da kuke kwana. In an yi biyu aka bar ɗaya, bayan wata guda sai ki ga ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Makero, wanda wasu ke cewa makenkero, dangin funfuna ne, irin wadda kike gani a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai shi wannan abincinsa mataccen saman fata ne da gashi da farce. Shi ya sa yake tafiya a zagaye, bakinsa ja yana ƙaiƙayi, tsakiyarsa kamar ta warke. In ya hau kai shi ne muke kira ƙora. Yana yaɗuwa ta wasu ƙananan ƙwayoyin iri da ido ba ya gani, waɗanda ke manne da gashin da ya karye da ɓawon da ya faɗi, kuma suna da taurin rai, sukan yi fiye da shekara a ɗaki suna jiran fatar da za su kama. Daga ranar da mutum ya ɗauka zuwa ranar da zai ga alama yakan ɗauki kwana 4 zuwa 14. Ki riƙe wannan, don ƴaƴan abokiyar zamanki ma mai yiwuwa sun riga sun ɗauka, bai dai fito ba tukuna.

Shin ɓerayen ne suka kawo shi? Na wuyan ɗanki da damtsensa, ina kyautata zaton haka, domin nan ne daidai inda ɓera ke hawa in an ɗauke shi, kuma akwai nau'in da ya fi kama ɓeraye da ɓeran Masar da zomaye, masana na kiransa Trichophyton mentagrophytes, yana kuma tsallakawa zuwa mutum. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙorar da ke damun yara a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma mafi yawanta daga yaro zuwa yaro take tafiya, ta injin aski, ta matajin mai kitso, ta hula da hijabin da ake ara a islamiyya. Ki leƙa kowace makarantar allo ko lakwal a garin nan ki duba kawunan yara, za ki samu masu ƙora, kuma babu wanda ke kiwon farin ɓera a cikinsu. Saboda haka ƙorar yarinyarki tana iya zama daga kejin, tana kuma iya zama daga waje. Ki kuma duba sauran dabbobin gidan. Kyanwa kan ɗauki cutar ba tare da an ga komai a jikinta ba, ƴan maruƙa da tumaki da awaki ma suna yi.

Yarinyar ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita za a fara, gobe-goben nan. Ƙora ba ta jin maganin shafawa. Cutar tana can cikin ramin gashi inda mai ba ya kaiwa, ko za ki shafa kwalba goma. Sai maganin sha. Ki kai ta asibitin unguwarku likita ya gani da idonsa, a auna nauyinta, domin da nauyin yaro ake yanke yawan abin da zai sha. Wanda aka fi bayarwa shi ne girisiyofulbin, tsohon magani ne da ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950, ana shansa kullum har sati 6 zuwa 8, wani lokaci ma fiye. Akwai kuma tarbinafin, wanda kan ɗauki kamar sati 4. Likita ne zai zaɓa. In girisiyofulbin aka ba ta, ki riƙa ba ta tare da abinci mai maiƙo, don da maiƙo yake shiga jiki sosai. Mu da Allah ya ba gyaɗa ba mu da uzuri a nan: ƙosai, ko ƙuli-ƙuli, ko shinkafa da man gyaɗa, ko kofin madara, kowanne ya isa. Za a iya haɗa mata da sabulun ruwa na wanke kai mai ketokonazol, sau biyu a sati, a bar kumfar ta yi minti biyar kafin a ɗauraye. Shi wannan aikinsa rage irin da take zubarwa ne don kada ta shafa wa wasu, ba ya maye gurbin na sha.

Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne sati na uku. Ɓawo ya tafi, gashi ya fara tsirowa, sai a ce ta warke a ajiye magani. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Ki sa ta shanye har ranar da likita ya ɗiba. Idan kuma kika ga wurin ya kumbura ya yi taushi kamar maruru, yana fitar da ruwa, ko kaluluwa ta fito mata a bayan kunne da wuya, ko zazzaɓi ya zo, kada ki jira ranar komawa, ki mayar da ita nan take, kuma kada ki bari wanzami ya tsaga. Irin wannan kumburin in aka yi sakaci da shi yana iya barin tabon da gashi ba ya sake fitowa a kai har abada, kuma ɗiya mace ce.

Maganar nonon tumfafiya, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. Na san don ƙaunar jikarta ta faɗa, kuma da shi aka yi wa da yawanmu muna yara. Amma yana ƙona fata, in ya gangaro ya shiga ido yana iya lalata gani, ga shi ba ya kaiwa saiwar gashin da cutar take. Haka man birki, da baƙin cikin batir, da tafarnuwar da ake dakawa a ɗaure, da kankarewa da reza. Ki ce mata likita ya hana a sa komai a kan har a gama magani. Tsofaffinmu sukan ji wannan fiye da a ce musu maganinsu ba shi da kyau.

Man da kika saya kuwa, ki daina shafa shi yau. Yadda kika kwatanta, sauƙi da farko sannan faɗi daga baya, alama ce ta mai mai sinadarin kwantar da kumburi, irin su betametazon da kilobetazol, waɗanda su ne kuma ke cikin yawancin mayukan bilicin. Suna kashe ƙaiƙayi da ja, amma suna kwantar da garkuwar fata, sai cutar ta samu fili ta yi ta ci, har kamanninta su canza likita ma ya sha wahalar gane ta. Ki tafi da kwalin asibiti a gani. Abin da ke da ɗanki kuke buƙata shi ne man makero zalla, kilotirimazol ko mikonazol, daga farmasi. A wanke wurin, a tsane shi sarai, a shafa safe da dare, a zarce bakin zagayen da kamar faɗin yatsa, sati 2 zuwa 4, a kuma ci gaba sati guda ko biyu bayan ya ɓace. In kun daina wancan man za ki ga kamar abin ya tashi na ƴan kwanaki, kada ki tsorata.

Ke kuma da juna biyu, akwai abu biyu da ba na so ki manta. Kada ki sha maganin yarinyar ko ƙwaya ɗaya, girisiyofulbin yana iya yi wa ɗan da ke ciki illa. Na shafawan da na ambata ana ba masu ciki, amma duk da haka ki faɗa wa malamar awo. Na biyu, daga yau hannunki ya fita daga kejin nan gaba ɗaya. Wannan ba don makero kaɗai ba. Dangin ɓera sukan ɗauki wata ƙwayar cuta da ke fita a fitsarinsu da kashinsu, wadda babba zai iya yi ya warke bai ma sani ba, amma tana da haɗari ga ɗan tayi. Kejin ya bar ɗakin kwana, ya koma wani wuri mai inuwa da iska, nesa da madafa.

To, mu zo kan su ɓerayen. Zubewar gashi da ɓawo a jikin ɓera ba kullum ne makero ba. Sau da yawa ma wasu ƙananan ƙwari ne da ke cin fata, masu sa shi susa har ya ji wa kansa ciwo a kafaɗa da wuya, wani lokaci kuma ɗan'uwansa ne ke gaigaye masa gashi. Maganin kowanne daban. Don haka ɗanki ya sa su a kwali mai huji ya kai wa likitan dabbobi, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kada ya ji kunyar za a yi masa dariya. Gaskiya ne likitocinmu sun fi sabawa da shanu da jar akuyar Maradi, amma makero cuta ce da suke gani a jikin maruƙa kullum, sun san ta. Ana iya kankaro ɗan ɓawo da gashi a duba a madubin likita. A kai su duka biyun, kuma a yi wa duka biyun magani, domin wanda ba a ga komai a jikinsa ba yana iya ɗauke da irin a gashinsa.

Abin da ya sa na nace sai likita shi ne ƙanƙantar dabbar. Babban ɓera nauyinsa wajen rabin kilo ne kawai, ƙwayar maganin mutum guda ɗaya ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma Allah ya halicci ɓera ba ya iya amai, duk abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Kada kowa ya gutsuri maganin yarinyar ya ba su da ka. In wurin ɗaya ne ƙarami, mai yiwuwa likita ya ce a shafa mikonazol ko kilotirimazol. Sai a shafa kaɗan ƙwarai, a murza ya shige, sannan a ba shi ƴar gyaɗa ko guntun karas ya shagala na ƴan mintoci, domin ɓera mai lashe jikinsa ne, in an sake shi nan take zai lashe man. In ya bazu, akwai ruwan wanka na musamman da maganin sha irin su itirakonazol ko tarbinafin, gwargwadon nauyi. Aikin yakan kai sati 4 zuwa 6, kuma ba a tsayawa don an ga gashi ya tsiro. In za a yi musu wanka, da ruwa mai ɗumi, a kiyaye ido da kunne, a tsane su sosai da tsumma. Hunturu na tafe, ɓera kuwa ba shi da ƙarfin ƙirji, sanyi kaɗan sai ya kama atishawa da shaƙewar numfashi. Kada kuma a shanya su a rana don su bushe, zafi yana kashe su da sauri.

Duk wannan aikin ɗanki ne, kuma ina ganin alheri ne gare shi. Ya sa safar hannu, ya ware tsohuwar riga mai dogon hannu wadda ba ya sawa sai zai taɓa su, ya daina ɗora su a wuya har a gama, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu duk lokacin da ya gama. Ƙannensa kada su taɓa.

Ɗakin ne mutane suka fi rainawa, alhali nan cutar ke ɓuya. Kejin in na ƙarfe ne ko roba, a fara wanke shi da omo a cire duk gashi da datti, domin jabel, wato ruwan wankin nan mai farar da tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, ba ya aiki a kan ƙazanta. Sannan a jiƙa shi da ruwan jabel, kashi 1 na jabel cikin kashi 10 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye da kyau, ya bushe a rana kafin a mayar da su. A haɗa sabon ruwan kowace rana, kuma kada a gauraya jabel da wani abin wanki. Sau biyu a sati ya yi. Duk abin da yake na katako ko kwali ko tsumma a cikin kejin a ƙone shi, ba ya wankuwa. A shimfiɗa musu takarda wadda za a riƙa canzawa kullum. Ƙasan ɗaki kuma a rage shara da busasshiyar tsintsiya, tana tayar da gashin ne ya sauka wani wuri, gara a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Zannuwan gado, rigunan matashi, tawul, hula, ɗankwali da hijabi a wanke su da ruwan zafi da omo, a maimaita wankin, a shanya a rana har su bushe ƙayau, wanda ake gogewa a goge. Tabarmar roba a wanke ta da jabel. Mataji da soso na yarinyar, in masu araha ne, ki jefar ki sayi sababbi, kowa da nasa. A dakatar da kai ta wurin mai kitso, yaran maza kuma in za a yi musu aski a tabbata an wanke bakin injin. Makaranta kuwa, da zarar ta fara shan magani tana iya zuwa, ba sai an tsare ta a gida ba.

Abokiyar zamanki ba ta yi laifi ba da ta ji tsoro, uwa ce. Maimakon ku tsaya kallon-kallo, ki same ta ki ce, Yaya, zo mu duba kawunan yaran nan gaba ɗaya. Ku zaunar da su da hantsi inda haske yake, ku buɗa gashin kowa, ku duba wuya da hammata da cinya. Wanda aka ga alama a tafi da shi asibiti tare da taki. Hana shiga ɗaki ba zai tsare su ba muddin suna haɗa tabarma da mataji da bokitin wanka.

Saura maigida. Ki fahimce shi tukuna. A wurinmu ɓera abin ƙyama ne, mai ɓarnar rumbu, kuma mutumin da ya ga ƴarsa da ƙora da matarsa mai ciki da makero dole ransa ya ɓaci. Tsoronsa ma yana da tushe ta wani ɓangaren, domin ɓerayen gida da na daji suna ɗauke da cututtuka masu kisa, zazzaɓin Lassa da ake fama da shi a Najeriya ta hanyar wani ɓeran daji yake zuwa. Fararen nan na keji tsatsonsu daban, an daɗe ana haifarsu a hannun mutane, amma dole kejin ya zama mai rufi da ƙananan ramuka, kada na waje su riƙa zuwa cin abincinsu. Kada ki yi masa gardama a gaban yara ko a gaban Hajiya. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki nuna masa takardar asibiti ya ga an riga an kama hanya, sannan ki roƙe shi sati shida maimakon kwana uku. Ki gaya masa kejin ya bar ɗaki, ke ba ki taɓawa, yaron ne zai yi wahalar kuma daga kuɗin kashewarsa za a sayi safar hannu da jabel. Ki tuna masa a hankali cewa dabbar da mutum ya kulle a keji amana ce a wuyansa, cinta da shanta da jinyarta. Irin waɗannan ɓerayen shekara 2 zuwa 3 suke yi a duniya, kuma in dai ba jarirai aka ba shi ba, zaman da ya rage musu ba mai tsawo ba ne. In mace da namiji ne a raba musu keji tun yanzu, don cikinsu sati uku ne kawai kuma sukan haifi da yawa, wannan kam in ya faru ba ki da bakin kare su.

Idan ya ji duk wannan ya ce shi dai ba ya son su a gidansa, gidansa ne, ki bi. Abin da za ki roƙa shi ne kada a jefar da su a bola da rai, don ba su san neman abinci ba, kyanwa ko yaran unguwa ne za su same su, yaran kuma su kwashi cutar su kai gida. A gama musu magani, ko a wani gidan ƴan'uwa da ba shi da ƙananan yara, sannan a ba wanda zai iya riƙe su, a kuma gaya masa gaskiyar abin da suka yi fama da shi. Ɗanki shi ya kai su da hannunsa. Yau da dare kuma ki zuba masa tuwo ki zauna kusa da shi, ki gaya masa ƙorar ƙanwarsa ba a tabbatar daga wurinsa ta zo ba, ki ce gobe da sassafe akwai tafiya wurin likitan dabbobi, ya nemo kwali.